Idan Mai Kaya Ya Ce Ɗinki Bai Yi Ba



An ce in yi magana a madadin masu ɗinki da surfani, waɗanda kuke ɗaukar aikinsu daga Kano da Zariya zuwa Maraɗi, Damagaram da Yamai. Maganata a kan abin da ke biyo bayan isar kaya ce: waya ta yi ƙara, mai kaya yana faɗa, yana cewa ba haka ya ce ba.

Wanda ya zauna a kan riga sati uku yana jin irin wannan magana kamar mari. Amma faɗa daban, ƙorafi daban. A bar mutum ya gama, kada a katse shi, kada a mayar da saƙon murya a cikin fushi, domin magana zarar bunu ce. In ya huce, a tambaye shi: Alhaji, wane wuri ne bai yi ba? Wuya ne, ko hannu, ko launin zare? "Bai yi kyau ba" ba ta gyaruwa. "Wuyan ya matse" kuwa aikin yini guda ne.

Daga amsarsa za a gane cikin uku wanne ne.

Na farko, aibin aiki: ɗinki ya warware, rini ya zuba, aska ta karkace. Wannan babu jayayya. Shari'a ma ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya ga aibin da ba a nuna masa ba. A gyara, a ɗauki kuɗin mota.

Na biyu, saɓanin fahimta, kuma shi ya fi yawa a tsakaninmu. A Kantin Kwari da yadi ake awo, a Nijar da mita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya. Wanda ya ce shadda goma a Damagaram yana nufin mita, aka yanka masa yadi goma, ya rasa santimita 86, kusan yadi guda. Haka tef ɗin awo: gefe ɗaya inci, ɗaya santimita. Haka launi: abin da WhatsApp ya nuna fari tas, a hannu ruwan madara ne. A nan babu maci amana. A raba asarar, a rubuta darasin.

Na uku, canjin ra'ayi. Ya ce aska biyu, an yi aska biyu, sai ya ga ta abokinsa aska takwas a wurin biki. A gaya masa cikin ladabi cewa wannan sabon aiki ne, da sabon farashi. Wanda ya saba gyara irin wannan kyauta, jarinsa yake ci.

Ku fatake, ku ne a tsakiya, saboda haka ina da roƙo. Ku kawo ƙorafi yadda aka faɗe shi, kada ku ƙara gishiri, kada kuma ku ɓoye don gudun ɓacin ran tela. Ƙorafin da aka ɓoye shi ne ke sa ciniki ya mutu ba a san dalili ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mun ga abin da rufe iyaka ya yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake gani bayan Yulin 2023. A wancan lokacin, rigar da za a gyara a kwana biyu takan yi watanni ba ta ƙetare Jibiya ba, ga canjin naira da sefa yana motsi kullum. Don haka rigakafi ya fi magani. Kafin a sa almakashi, a rubuta awo da sunan ma'auninsa, a yanki ƙyalle da zare a aika mai kaya ya gani da idonsa, a nuna masa zanen a takarda ya amince, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin dawowa idan an samu matsala.

Mai kayan da ya kira yana faɗa bai tafi ba tukuna. Wanda ya tafi shi ne wanda ya yi shiru ya kai aikinsa wani wuri.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare hanya.