Alƙalami da kaso: darasi daga ƙasar Sin



Zancena na yau ya shafi wasu marubuta na ƙasar Sin, akasarinsu ƴan mata, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, masu tsara labaran soyayya tsakanin namiji da namiji. Can ana kiran wannan adabi danmei. Babi-babi suke fitar da shi a intanet da sunan aro, masu karatu suna biyan ƴan kuɗi kaɗan, suna kuma faɗin ra'ayinsu kan inda labari zai dosa. Kasuwar ta bunƙasa har kamfanin Tencent ya nuna fim ɗin The Untamed a 2019, wanda aka ciro daga irin wannan littafi.

Sai dai a 2018 wata kotu a lardin Anhui ta ɗaure marubuciya mai laƙabin Tianyi sama da shekara 10 bisa laifin batsa, don ta sayar da kofi kusan 7,000. A 2024 da 2025 an sake kama wasu a Anhui da Lanzhou.

Na san addininmu da al'adarmu ba su amince da waɗannan labarai ba. Amma ku duba ma'auni: a dokar Sin, hukuncin fyaɗe na yau da kullum shekara 3 zuwa 10 ne. Hukumar da ta ɗauki rubutu ya fi fyaɗe muni, gobe ɗan jarida za ta waiwaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.