Aljani da Iska: Asalin Sunayen Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

 Wani bawan Allah ya aiko da tambaya: shin aljani da iska abu guda ne?

Kalmar aljani aro ce daga Larabci, wato al-jinn. Tushenta haruffa uku ne, jimun da nunun biyu, ma'anarsu rufewa da ɓoyewa. Daga nan aka sami janin, ɗan da ke ɓoye a cikin uwa, da majnun, wanda hankalinsa ya rufe. Har Aljannar da muke roƙo a waɗannan darare daga wannan tushe take, domin janna lambu ne wanda itatuwa suka lulluɓe ƙasarsa. Ashe da Bahaushe ya ce mutanen ɓoye, fassara ya yi ba tare da ya buɗe littafi ba.

Ita kuwa iska tamu ce ta gado. Ba a ganinta, sai aikinta: reshe ya kaɗa, guguwa ta tashi a fako. Da wannan suna Azna na ƙasar Adar da Konni suke kiran waɗanda suka ce suna zaune cikin kuka da tsamiya da duwatsu, irin su Doguwa. Da Musulunci ya kafu, sai sunayen biyu suka cakuɗe a bakin mutane.

To, ku saurara da kyau, ya 'yan'uwa. Kasancewar halitta a ɓoye ba ya nufin ta san gaibu. Ku duba Suratu Saba'i, aya ta 14: Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa, ba su sani ba har gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda gara ta riga shi labari, shi za ka kai wa jan zakara gindin tsamiya?

Abin da ya fi damuna shi ne damina. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ya fara shiɗewa, sai a ce iska ta taɓa shi, a tsaya neman turare da baƙin akuya. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa, kuma yakan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Uwa, ki tofa masa Falaƙi da Nasi kina tafe, a kan hanyar asibiti.

Nan za mu dakata sai gobe, in Allah Ya kai mu.