Jawabin taron ƙungiya: neman sunayen kakanninmu cikin intanet

 

Yaranmu da aka haifa Yamai, Kano, Abijan ko Kumasi, da yawansu ba su iya faɗin sunan kakan ubansu. In an tambaye su, sai su ce komi yana cikin salula. To, ga abin da ke ciki.

Na farko, Mémoire des hommes, na ma'aikatar sojan Faransa, wanda aka buɗe a 2003. Yana da takardun sojojin da suka mutu a yaƙin 1914-1918 da na 1939-1945, har da 'yan Afirka da aka ɗiba. Takardar tana nuna suna, lambar soja, ranar mutuwa da wurin da ya faɗi.

Na biyu, Gallica, na babban ɗakin littattafan Faransa, inda ake karanta tsofaffin littattafan Nasara kyauta. A nemi littafin tawagar Tilho, wadda ta bi iyakarmu da Najeriya tsakanin 1906 da 1909, ta rubuta jerin sarakunan Damagaram, Gobir da Katsinar Maraɗi.

Na uku, FamilySearch, na wata coci a Amurka. Shi ma kyauta ne, kuma ya tattara asalin gidaje daga bakin tsofaffi a Gana da Najeriya.

Amma a yi hattara. Nasara ya rubuta sunayenmu yadda kunnensa ya ji: Tasawa ta zama Tessaoua, Usman ya zama Ousmane. Sai a jarraba rubutu iri-iri. Kuma takardun nan sun fi kula da sarki da soja. Manomi, maƙeri da uwayenmu mata, da wuya a same su.

Saboda haka tushen yana wurinku, dattawa. Muna roƙon kowane gida ya sayi kaye ɗaya na lakkol. Yaro ya zauna gaban tsoho da tsohuwa, ya rubuta suna da laƙabi, garin da aka taso, askar gidan, sana'a, da wanda ya ga yunwar Kakalaba ta 1913-1914. A rubuta dangin uwa kamar na uba.

A gama wannan aiki kafin masu ci-rani su koma bayan kaka, don kowa ya tafi wa 'ya'yansa da nasa. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan magabata. Amin.