Rigar Ƙwayar Sanƙarau da Zaren da Aka Saƙa Ta da Shi



Duk mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama ya san lokacin sanƙarau, watau daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, sa'ad da ƙura da zafi suka busar da maƙogwaro, har ran da ruwan farko ya sauka cutar ta lafa. Ƙasar nan tana cikin zirin da ya miƙe daga Sanigal zuwa Habasha, inda annobar take yawan komowa. Tambayar da wannan lacca za ta amsa ita ce, me ya sa aka yi wa jama'a allurar rigakafi, amma cutar ta sake faɗa musu a 2015?

Amsar tana jikin ƙwayar kanta. Sunanta Neisseria meningitidis, kuma wani likita mai suna Anton Weichselbaum ne ya fara gano ta a birnin Biyana a 1887. Ƙwayar tana lulluɓe da wata riga mai santsi wadda ke hana dakarun jini kama ta. Rigar nan kuwa ba komai ba ce illa sukari, ɗaya ɗaure da ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Da irin wannan sukari, da kuma yadda aka ƙulla shi, masana suka raba ƙwayar gida 12, amma shida ne ke haddasa yawancin cutar: A, B, C, W, X da Y.

Rigar gidan A an yi ta ne da wani sukari ɗan uwan manos, kuma tsakanin kowane ɗan carbi da na kusa da shi akwai gadar fosfet. Wannan gida shi ne ya yi ɓarnar 1996, lokacin da mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Rigar gidan C dabam take ƙwarai. Babu fosfet a cikinta, zallar sayalik asid ce, an ƙulla kabon na 2 na kowane ɗan carbi da kabon na 9 na mai bi masa. To, jinin da ya koyi gane rigar A, in ya gamu da ta C, wucewa zai yi kamar bai taɓa ganin ƙwayar ba.

Abin da ya faru ke nan. An fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo arewacin Nijeriya daga 2011, ta kuwa karya lagon gidan A. Amma a 2013 wani sabon iri na gidan C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, a 2015 ya yi tsanani a Kabi, Aliero da Jega suna cikin wuraren da suka fi shan wahala, sa'an nan a 2017 ya mamaye Zamfara. Masu cewa allurar farko ba ta yi aiki ba sun zalunce ta, domin ba don C aka haɗa ta ba.

Akwai abin mamaki game da gidan B, ko da yake bai cika damun wannan yanki ba. Shi ma sayalik asid ne, sai dai ƙullinsa daga kabon na 2 zuwa na 8 yake. Wannan ɗan bambanci na gurbi ɗaya ya sa rigarsa ta yi kama da wani sukari da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, don haka jiki ba ya yaƙar ta sosai, dole aka nemi rigakafinsa daga furotin ɗin da ke ƙarƙashin rigar.

Har wa yau, sukari shi kaɗai ba ya zama a tunanin jini. Allurar da Emil Gotschlich da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1969 zallar sukarin riga ce, kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ta kama jarirai sosai. Dabarar da aka samo daga baya ita ce a ɗaure sukarin a jikin furotin, kamar dafin ƙwayar sandarewar haƙora wanda aka kashe ƙarfinsa, sai jiki ya riƙe darasin, har ƙwayar ta kasa samun mazauni a maƙogwaro. Bisa wannan hanya aka haɗa Men5CV mai ɗauke da rigunan A, C, W, X da Y, kuma Nijeriya ce ƙasar da ta fara amfani da ita, a Maris na 2024.

Duk da haka, a Maris na 2025 gwamnatin Kabi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 a Gwandu, Aliero da Jega. A nan aikin ma'aikacin lafiya yake: ya gaggauta ba maras lafiya magani, ya kuma tabbatar an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin bincike da wuri. Zafin jiki da sandarewar wuya iri ɗaya ne ko wane gida ya kama mutum, sai wannan ruwa ne zai nuna harafin da za a nemi allurarsa.