Hutun Haihuwa: Kowa Na So, Doka Ta Ƙi Fitowa



Bahaushe bai taɓa gardama a kan cewa mai jego tana bukatar hutu ba. Tun zamanin kakanni mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego kwana 40, ba mai ɗora mata aiki. To, me ya hana abin da kowa ya yarda da shi ya zama cikakkiyar doka?

Dokar Ƙwadago ta 1971, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta ba ma'aikaciya mako 12, da rabin albashi idan ta cika wata 6 a wurin aikin. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, mako 14 ta ce, Nijeriya kuwa ba ta tabbatar da ita ba. Gaskiya ne Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun ba ma'aikatansu mata wata 6, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba maza kwana 14 a 2021. Amma ku lura, ma'aikatan gwamnati kaɗai wannan ya shafa. Tsarin Mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, saboda haka ko majalisar Jihar Katsina ta so, ba ta iya tilasta wa kamfanoni.

Babban cikas a ganina shi ne wanda zai biya. Dokarmu ta ɗora nauyin duka a kan mai ba da aiki. Masu kamfanoni kuwa kaɗan ne, suna da ƙungiya, sun san ƙofar kowane ɗan majalisa. Matan da za su amfana miliyoyi ne, amma a warwatse suke, kowace kuma bukatar ta 'yan watanni ce, da an yaye yaro sai hankali ya koma kan kuɗin makaranta. Ba ɗan takarar da ke tsoron faɗuwa zaɓe a kan wannan. Ko a Amurka haka ne: dokarsu ta 1993 mako 12 ta bayar ba albashi, hutun mako 4 mai albashi da majalisar wakilansu ta zartar a 2021 kuwa a majalisar dattawa ya mutu.

A Maraɗi, nan maƙwabtanmu, mako 14 ne, kuma asusun CNSS ke ɗaukar rabin kuɗin, don haka nauyin bai tattaru a wuyan mutum ɗaya ba.

Sai dai ko an gyara wannan duka, mai soya awara a bakin titin Ƙofar Kwaya ba ta da mai ba ta aiki, balle albashin da za a raba biyu. Ranar da ba ta hura wuta ba, ba ciniki. Irinta ne suka fi yawa cikin matan da ke neman abinci a garin nan, kuma Dokar Ƙwadago ba ta san da zamansu ba.