Yaro Ya Bugu a Kai: Kada Ya Kwana Iyayensa Ba Su Sani Ba



Tambayar da aka ba ni a taron nan na Illela ita ce: yaushe makaranta za ta sanar da iyaye idan yaro ya bugu a kai? Amsata, a ranar, kafin ya kwanta barci, komai ƙanƙantar bugun a ido.

Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiya a makarantu, amma mun sani yawancin makarantunmu ba su da nas. Malamin aji shi ne nas, shi ne mai goge jini da auduga. Don haka da shi nake.

A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini kwance a ƙarƙashinsa. Idan dutse ko faɗuwa daga bishiya ya tsaga ta, jini na taruwa a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Yaro sai ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya koma ƙwallo, har ya amsa tambaya a aji. Bayan wasu awoyi jinin ya danne ƙwaƙwalwa. Haka ya faru da Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, a 2009: ta faɗi a kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana lafiya lau, ba ta nemi likita nan take ba, bayan kwana biyu ta rasu. Wannan ba kullum yake faruwa ba, yawancin bugu ƙululu ne da zai saɓe. Amma ba malamin da zai iya bambance su da ido.

To, ku dubi gida. Da magariba yaro ya yi amai, ya ce kansa na sarawa. Uwa ta ce zazzaɓi ne, ta aika kemis. Ya fara jijjiga, kaka ta ce iska ce. Ya yi barci mai nauyi, a ce gajiyar rana. Ba laifinsu ba ne ko kaɗan. Da an ce da uwar nan "ya bugu a kai da hantsi", wallahi da tun aman farko ta ɗauki mayafi.

Akwai kuma abin da ba a jira a tashi makaranta: suma ko ta ɗan lokaci, amai fiye da sau ɗaya, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, yaro ya kasa tuna abin da ya same shi. Nan sai Babban Asibitin Illela, a kira iyaye ana kan hanya. Idan yana kukan wuya, kada a ɗora shi a kabu-kabu. Ku tuna, aikin ƙwaƙwalwa sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kilomita fiye da 80. Awar da aka ɓata a ofishin hedimasta ba ta dawowa.

Garinmu garin iyaka ne. Wani uban yana Kwanni, layin Nijar ne a wayarsa, kuma mun ga yadda zirga-zirga ta tsaya da aka rufe iyaka a 2023. Almajiri kuwa iyayensa na iya kasancewa a nisan duniya. Kowace makaranta, ta boko da ta allo, ta rubuta lamba biyu ga kowane yaro, har da ta wanda yake kwana a hannunsa.

Na san abin da ke sa malami shiru: tsoro. Tsoron uba ya zo da faɗa, musamman idan bulala ce ta kauce ko ranƙwashi ne. Iyaye, idan kuka tarbi mai kawo labari da zagi, gobe ba wanda zai kawo muku. Malamai kuma, hannu ya bar kan yaro gaba ɗaya.

Saƙon da za a kai wa iyaye ba ya buƙatar tsawo: ƙarfe nawa ya bugu, da me, a wane gefe, ya suma ko bai suma ba. A gaya musu su sa masa ido kwana biyu, farasitamol kaɗai idan kai na ciwo, ban da asfirin domin yana hana jini tsayawa. Babba ya raka shi har ƙofar gida, kada a ba yaron saƙon a baki, domin wanda ya bugu a kai yakan manta.