KO BUHU ƊAYA NE, A SHUKA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a wani zaman matasa a garin Ɗambatta. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, abin da zan yi magana a kai ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san gidan kakarsa: zogale a jikin danga, kabewa ta hau rufin ɗaki, rama da yakuwa a bayan gida. To yau fa? Gonar da mutum ɗaya ya noma an raba wa magada goma, filin bakin gari an yanka fuloti, tsakar gida kuma an shafe da siminti. Sai ga ɗan manomi yana sayen alayyahu ƙulli-ƙulli!

Kuma mun ɗanɗana kuɗarmu. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihar Kano, har tumatir ya gagari talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon kayan miya. Wa ke shan wahalar? Uwar gida da 'ya'yanta, da miyarsu ta koma ruwa.

Wani zai ce, "Ai ni ba ni da lambu a bakin dam ɗin Thomas." To ɗan uwa, kana da buhu? A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda cunkoso ya fi namu nesa ba kusa ba, a buhu mata ke noma ganyen miya.

Ga yadda ake yi. Ka samu tsohon buhu, ka huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ka cika shi da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya. Ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙone shuka. Ka ajiye inda rana ke samu kamar awa shida, ka kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da muke kwararwa a rariya ya isa ban-ruwa safe da yamma, amma kar a zuba ruwan wanki. Alayyahu cikin wata guda an fara yanka, kuɓewa wajen wata biyu. Zogale kuwa reshe kawai za ka kafa. In ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa.

Ban ce buhu zai maye gurbin gona ba. Amma gidan da ke tsinkar ganyen miya kullum ya rage cefane, har ya miƙa wa maƙwabci. Kuma ya tabbata a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi, sadaka ne gare shi.

Saboda haka kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya cika buhu ɗaya. Mai iri ya sam wa marar shi. Da babu gara ba daɗi.

Allah Ya sa albarka a abin da za mu shuka.